Shekara guda ina bin bayan ƙanena da Eldegoss a Pokémon Unite

Lokacin da muke yara muna buga ƙwallo a fili, wanda ba ya iya gudu shi ake turawa gola. Ban zaci abin zai biyo ni har cikin waya ba, sai da ƙanena ya matsa min na sauke Pokémon Unite. Su huɗu ne shi da abokansa, suna neman cikon na biyar. Da na buɗe wasan aka jera min halittu biyar in zaɓi ɗaya kyauta: Pikachu, Charizard, Talonflame, Snorlax da Eldegoss. Hannuna ya nufi Charizard mai aman wuta, sai ya riƙe min yatsa. Ya ce, "Yaya, waccan mai kai kamar curin auduga za ka ɗauka." Na ce me take yi? Ya ce, "Kai dai ka bi ni a baya. Duk sanda ka ga jinina ya sauka, ka jefo min magani."

Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma yau shekara guda ke nan, kuma kusan duk abin da zan faɗa a kan wasan nan daga wannan kujera ta baya na gan shi.

Wasan na kamfanin The Pokémon Company ne, TiMi Studio na Tencent a China suka haɗa shi. Ya fito a Nintendo Switch a watan Yulin 2021, sannan ya zo wayoyi a watan Satumba na shekarar. Kyauta ake saukewa. Mutum biyar da biyar ake karawa na minti 10 cif. Kana kayar da halittun daji kana tara ƙwallayen kuzari, sai ka kai su ragar abokan hamayya ka zura. Fili yana da layin sama, layin ƙasa, da dajin tsakiya. A minti 2 na ƙarshe duk abin da aka zura ana ninka shi, wato mai ɗauke da 50 ya ci 100 a tashi ɗaya. Halittun kuma an raba su gida biyar: masu hari daga nesa, masu saurin ƙafa, masu tsaro, masu taɓa komai, da masu tallafi. Gidanmu ne na ƙarshen, kuma shi ne gidan da kowa ke gudu.

Eldegoss tana farawa ne a matsayin Gossifleur, 'yar fure marar ƙarfi, sai ta rikiɗa a mataki na 4. A nan ake zaɓi tsakanin Pollen Puff da Leaf Tornado. Pollen Puff ɗan dunƙule ne da ake jefawa: in ya manne wa naka ya ƙara masa jini, in ya manne wa abokin gaba ya rage masa. Leaf Tornado kuwa guguwar ganye ce da ke barin hanya a ƙasa, duk naka da ya taka ta gudunsa ya ƙaru. A mataki na 6 akwai Cotton Guard, wadda ke lulluɓe ka da na kusa da kai da garkuwar auduga, ko Cotton Spore mai fashewa ta rage wa maƙiya gudu. Ni Pollen Puff da Cotton Guard nake ɗauka kusan kullum. Ƙanena da Cinderace yake wasa, zomon nan mai harba ƙwallon wuta, wanda bugunsa ke da zafi amma jikinsa kamar takarda. Abin da yake nema a wurina shi ne ya ƙara daƙiƙa uku ko huɗu a tsaye, sauran aikin nasa ne.

Jifan Pollen Puff da babban yatsa a kan gilashin waya ba wasa ba ne. Watannin farko rabin jifana a ƙasa yake faɗuwa, ko kuma ya manne wa wanda jininsa ke cike alhali ga mai neman agaji a gefe. Sai da na shiga saitin wasan na gyara yadda ake saita hari, na kuma koyi jefawa inda mutum zai je maimakon inda yake tsaye.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne kame hannu. A wasan nan wanda ya yi bugun ƙarshe a kan halittar daji shi ke samun kaso mafi tsoka na ƙwarewa, wadda da ita ake hawa mataki. Mai tallafi dole ya rage wa dabba jini, sannan ya janye ya bar wa abokin layinsa ya ƙarasa. Ka yi noma, wani ya girbe a gabanka, kuma haka ake so. Akwai wani kaya da ake riƙewa, Exp. Share, wanda saboda wannan aka yi shi: muddin kai ne na baya a ƙwarewa cikin ƙungiya, yana ɗiga maka kaɗan-kaɗan da kansa, abokin tafiyarka kuma ya kwashi na dabbobin. Kaya uku ake riƙewa. Nawa su ne wannan, da Buddy Barrier mai ba ni garkuwa tare da mafi jigata a kusa da ni idan na saki babban makamina, da Focus Band mai dawo min da jini in na kusa faɗuwa. A aljihu kuma Eject Button, don tsalle ɗaya na tsira, saboda Eldegoss ba ta da ƙafar gudu kuma duk mai wayo a ɗaya ɓangaren ita yake fara nema.

Babban makamin nata sunansa Cotton Cloud Crash. Takan tashi sama inda babu abin da ke taɓa ta, sannan ta faɗo ta watsa maƙiya ta warkar da nata. A kansa na yi kuskuren da har yau ake min tsiya. A filin Theia Sky Ruins, inda muka fi bugawa, a wancan lokacin da agogo ya nuna saura minti 2 wani babban dodo mai suna Rayquaza ke sauka a tsakiya, kuma ƙungiyar da ta yi masa bugun ƙarshe tana samun garkuwar da ke sa ta zura maki da sauri ba tare da an katse ta ba. Sau da yawa nan ake yanke hukuncin wasa. Wata rana saura minti biyu da rabi, na ga wani namu yana kokawa da mutum biyu a layin sama kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tausayi ya kama ni, na saki makamin na cece shi. Bayan daƙiƙa talatin aka haɗu a ramin Rayquaza, su biyar da makamansu a cike, ni hannuna wayam. Aka share mu kamar an yi shara. Ƙanena bai ɗaga murya ba, girmana ya hana shi, sai ya ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, amma da ka bar shi ya faɗi." Tun daga ranar, da zarar an shiga minti ukun ƙarshe, ko wa ke kuka ba na taɓa maɓallin nan.

A nan ne wasan ya burge ni. Mai hari idonsa na kan wanda zai buga. Mai tallafi kuwa dole ya riƙa kallon ƙaramar taswira da agogo da jinin mutum huɗu lokaci guda, ya san cewa, a yadda filin yake a wancan lokacin, da agogo ya nuna saura minti 7 babban dodo Regieleki zai fito a layin sama, ɗaya daga cikin Regirock, Regice ko Registeel kuma a ƙasa, ya yanke shawarar inda zai nufa. Ko tsayawa kawai a cikin raga kusa da mai zurawa taimako ne, domin yana rage masa lokacin zurawar. Kuma wasan ba ya nuna maki ana cikin fafatawa, sai dai ya sanar cewa kuna gaba, ko ana kankankan, ko kuna shan wuya. Wasu na ƙin wannan. Ni ina so, domin yana hana mutane sakin jiki ko yanke ƙauna da wuri.

Inda bai gamsar da ni ba shi ne allon sakamako. Abin da ke fitowa fili shi ne maki, da yawan waɗanda ka kayar, da waɗanda ka taya kayarwa. Yawan jinin da ka mayar wa mutane sai an shiga shafi na gaba ake gani, kuma wa ke shiga? Sai ka yi wasan da ka san kai ka riƙe ƙungiya, a ba wani kambun gwarzo. Sannan akwai maganar kuɗi. Kayan riƙewa ana ɗaga darajarsu, kuma tun fitowar wasan a 2021 'yan wasa da masu sharhi suka yi ta sukar cewa mai kuɗi na iya sayen wannan hawan da sauri. Ni ban kashe ko sisi ba, da kyaututtukan yau da kullum na ɗaga kayana uku, amma sai da na yi haƙurin watanni. Sababbin halittu ma lasisinsu, wato izinin wasa da su, ya kasance da tsada a lokacin da ake sayensa da tsabobin wasan. Tufafin ado kuwa ido kawai suke ƙayatarwa, wanda ya ga zai iya ya saya.

Babbar matsalar mai tallafi ba ta cikin manhajar, tana cikin mutane. Na gwada hawa matsayi ni kaɗai da baƙi, daga Beginner zuwa Great zuwa Expert, na cije a Veteran na tsawon lokaci. Kowa ya zaɓi mai hari, babu mai tsaro. Ka bi mutum kana warkar da shi, shi kuma ya ɗauka ya zama ƙarfe, ya kutsa cikin mutum uku shi kaɗai. Eldegoss ba ta iya cin wasa da kanta, ƙarfin wani take ninkawa, kuma in abin da ke gabanka sifili ne, ka san amsar lissafin. Da muka koma bugawa mu biyar muna magana ta murya, cikin mako uku muka shiga Ultra. Master har yanzu muna hangen ta. Netwok ma yana da nasa rabon: in ya yi tsalle na daƙiƙa ɗaya, maganin da na jefa sai ya iso bayan an yi jana'iza. Waya kuma tana ɗaukar zafi, caji na zuba, don haka ba na wuce wasa biyar ko shida a zama ɗaya.

Na taɓa sauran 'yan gidan tallafin. Blissey ta fi Eldegoss warkarwa da ƙwayayenta na Soft-Boiled, amma sai ta shiga tsakiyar faɗa, ni kuma na fi son nesa. Comfey manne wa mutum take yi ta bi shi duk inda ya je, abin da ke nufin in ya yi wauta tare za ku yi. Hoopa ce ta fi ba ni sha'awa, da zobenta da ke mayar da mutum gida ya cika jini ya dawo fagen fama. Irin ta sai ƙungiyar da ta san juna, shi ya sa ake yawan ganin ta a manyan gasanni tun daga gasar duniya ta farko da aka yi wa wasan a Landan a watan Agustan 2022. Da baƙi kuwa, ka buɗe zoben su tsallake shi kamar rami.

Wanda ke da ko da aboki ɗaya da za su riƙa tafiya layi tare, ina ba shi shawara ya sauke wasan ya fara da Eldegoss, zai fahimci fili da wuri fiye da mai Charizard. Wanda zai buga shi kaɗai, gara ya ɗauki mai tsaro irin Snorlax, aƙalla zai iya tare hanya da jikinsa.

Makon jiya na ce da ƙanena mu yi musanya, ya ɗauki Eldegoss ni in ɗauki Cinderace. Ya cinye min dabbobin layi kaf, ya saki babban makami ana saura minti 3, jifansa biyu ne kacal suka same ni. Da aka tashi ya ajiye wayar ya ce, "Yaya, karɓi audugarka."