Kafin ka zuba kuɗin bincikenka a amiloyid beta 42

'Yan uwa masu digiri na biyu da na uku a kemistiri, na jami'ar Yar'adua da na jami'ar Dutsin-Ma, ku matso. Amiloyid beta 42, feftaid (gajeriyar sarƙar furotin) ɗin nan da ake alaƙantawa da cutar mantuwa ta Alzheimer, mai amino asid 42, taurin kai gare shi ba kaɗan ba. Tun yana kan rezin (ƙwayoyin roba da ake gina feftaid a kansu) ana haɗa shi sarƙoƙin ke fara manne wa juna, sinadarin da aka zuba ya kasa kutsawa, a ƙare da guntaye masu giɓi.

Ni dai aisofeftaid zan ce ka saya, irin wanda ɗakin binciken Yoshiaki Kiso na Kyoto a Japan ya fito da shi. Tsakanin amino asid gilaisin na 25 da serin na 26 ake ɗaura sarƙar da haɗin esta maimakon haɗin amaid da aka saba, to wannan 'yar lanƙwasa ita ke hana shi curewa, yana narkewa a ruwa mai tsami lafiya lau, ka tace shi a HPLC (na'urar tace sinadarai) bai toshe maka komai ba. Ranar gwaji ka zuba shi a ruwa mai pH 7.4, cikin 'yan mintuna ya koma amiloyid na ainihi, kuma kai ke da tabbacin lokacin da dunƙulewar ta fara. Wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Sudofurolin, wata dabarar hana curewa, ya yi aiki a kan amilin, wani feftaid mai amino asid 37, amma ana yanke feftaid daga rezin da asid ɗin TFA sai sudofurolin ɗin ya tafi, wahalar tacewa tana nan daram. Injin maikirowef na haɗa feftaid kuwa, da wutar da muke samu a Katsina? Bar zancen.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Wani dillali ya taɓa kawo mana kwalba da ɗumi kamar an ɗauko ta daga kasuwar Charanchi, da takardar "tsafta kashi 95" wadda lambarta ba ta dace da ta jikin kwalbar ba. Ka nemi sakamakon ma'aunin nauyin ƙwayar na rukunin da aka turo maka, ba hoton wani ba. Mai 42 yana wajen 4514, in ka ga 4330 to mai amino asid 40 aka lallaɓa maka, in 16 ya ƙaru kuwa iskar oksijin ta taɓa amino asid metiyonin na 35. Miligiram ɗin da aka rubuta ma akwai gishirin TFA da ruwa a ciki, ka tambayi zallar feftaid nawa ce.

Abin haushin, aisofeftaid da amiloyid na gama-gari nauyinsu ɗaya ne, don haka ma'aunin ba zai tona asirin wanda ya musanya maka ba. Sai ka matsa a ba ka zanen HPLC da ke nuna bambancinsu, in mai kaya ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.