Ƙaramin kwale-kwale: gulbin Rima ko madatsar Goronyo?

Malam, ka tambayi inda ya fi dacewa ka jefa ƙaramin kwale-kwale don shan iska, gulbin Rima daga Kwalkwalawa zuwa Wamakko ko madatsar ruwa ta Goronyo. Gulbin ɗaya ne, shi aka tare a Goronyo tun 1984, amma halin ruwan ya sha bamban.

Mu dai gulbi muke ba ka shawara, daga Oktoba zuwa Janairu. Lokacin ambaliya ta janye, ruwa ya kwanta, fadama ta yi kore da albasa da shinkafa, kuma mota na kai ka kusa da gaɓa ta hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka nemi mashigin da masunta ke amfani da shi, inda ƙasan yashi ne mai tauri. Gaɓar da ta yi baƙi tana sheƙi taɓo ne, yana iya haɗiye ƙafa har gwiwa. Daga Maris ruwa kan ja, tsibiran yashi su fito. Nan gora ta fi filafili amfani, inji kuwa farfelarsa za ta riƙa cin yashi tana naɗe ciyawar kacalla da zaren taru. Agusta da Satumba kada ma ka fara: ruwa na da ƙarfi, yana ɗauko itatuwa, ga shi ana iya buɗe ƙofofin madatsar a sako ruwa cikin gulbin.

Goronyo ta fi faɗi da zurfi, ko da bazara akan samu inda jirgi zai bi. Matsalarta iska. Fili ne babu abin karewa, iskar hunturu kan tayar da igiyar ruwa da hantsi, jirgi mai gajeren gefe ya riƙa shan ruwa. In ka je, ka fita da sassafe, ka bi gefe, ka nisanci bakin ƙofofin. Wurin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima, sai ka nemi izini, ka kuma bincika lafiyar hanya, domin yankin na fama da matsalar tsaro.

Ko ina ka zaɓa, fara gaida sarkin ruwa, shi ya san gurbi mai zurfi da inda aka kafa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyin kamun kifi. Kowa ya sa rigar ceto, a bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin ruwa da bakin jirgi, a riƙe ƙwaryar kwalfe ruwa, a fito kafin magariba.