Filanjin da muka sa wa injin ban ruwa, gaskiya ya biya

Masu noman rani, musamman namu na nan Kura da Bunkure da muke shan ruwan Tiga, in bututun ƙarfe kuke amfani da shi ku daina naɗe mahaɗa da tsohon tub na mashin, ku sa filanji ku huta. Mu na inci 3 muka sa a bakin injin ƙungiyarmu kuma wallahi tun ranar ko ɗigo babu, ga ruwan yana isa har can ƙarshen fadama da ƙarfinsa.

Abin ba wani wahala, faifan ƙarfe ne guda biyu masu huji a gefe, mai walda ya liƙa kowanne a bakin bututu, a sa gaskit, wato zoben da ke toshe yoyo, a tsakani a ɗaure da noti. Abin da ya fi burge ni shi ne in inji ya samu matsala sifana 24 kawai za ka ɗauka ka kwance ka ɗora shi a amalanke zuwa wajen makaniki, ba yanke bututu ba sake kiran mai walda.

Amma fa a kula wajen saye, don nan ake cin mutane. Inci 3 ɗin ba iri ɗaya ba ne, na tsarin Amurka wanda aka buga wa 150 huji 4 gare shi, na tsarin Turai wanda aka buga wa PN16 kuma huji 8, ko za ka kwana kana juyawa ba za su hau juna ba, shi ko mai shago cewa zai yi ai duk ɗaya ne Alhaji. Ka tafi da tsohon filanjinka in kana da shi ko ka zana hujin a kwali. PN16 ɗin nan nufinsa yana ɗaukar matsin ruwa har bar 16 (bar ma'aunin matsi ne), mu aikinmu ko kusa bai kai nan ba.

Ɗauri kuma ba a bin noti a jere, in ka ɗaure wannan sai wanda ke kallonsa ta ɗaya ɓangaren, kaɗan kaɗan har a zagayo, in ba haka ba gaskit ya matse gefe ɗaya ya fara tsartuwa.

Inda ban ji daɗi ba notin da suka zo da shi, damina ɗaya tsatsa ta cinye su sai da muka jiƙa da baƙin mai. Ku sayi masu kyau daban ku shafa musu giris. Da tsada kam akwai tsada, in na roba ne bututunka na tiyo ba ruwanka da shi.