Taron Nikiya: Ƙagaggen Labari da Takardun Tarihi

A wasu ƙagaggun labarai da suka yi tashe, wai Sarki Kwanstantin na Daular Rum ne ya zaɓi littattafan Baibul a taron shugabannin coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325, aka kuma kaɗa ƙuri'a kan allahntakar Yesu, aka ci da ƙyar. Yana da daɗin karantawa, amma ba shi da madogara.

Takardun zamanin sun nuna akasin haka. Koyarwar Ariyus, wani malamin coci da ya ce Yesu halitta ne, ba daidai yake da Allah Uba ba, aka yi muhawara a kai, sai ranar bikin Ista. Cikin dokoki 20 da aka kafa, babu ko ɗaya da ta shafi zaɓen littattafai, kuma bishop biyu kacal suka ƙi sa hannu a kan bayanin bangaskiyar da taron ya fitar. Cikakken jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa, sai a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta shekarar 367 ya fara bayyana.