Sunan kaya ko sunan shago: wanne ya dace da adireshin intanet?

Hajiya, kin ce kina sayar da turaren wuta da humra, kuma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin suna mai faɗin kayan ƙarara, irin turarenwutakano.com, da sunan shagonki da kwastomomi suka saba kira. Ni dai sunan shagon nake ba ki shawara.

Na farkon ba a rasa shi da amfani ba. Wanda ya gan shi a jikin kwalba ya san abin da ake sayarwa, ba sai an yi masa bayani ba. A da ma irin wannan suna yakan tura shafi sama a binciken Google. Sai dai tun Satumbar 2012 Google ya rage masa ƙarfi, musamman ga shafukan da ba su da komai sai suna. Yanzu abin da ke ciki shi ke ɗaga shafi: sunan kowane turare, farashinsa, hotuna, garuruwan da ake aika kaya. Duk waɗannan za ki iya zuba su ko da wane suna kika ɗauka.

Inda suna mai faɗin kaya yake cutarwa shi ne gaba. Ranar da kika ƙara atamfa da leshi, ko kika buɗe reshe a Kaduna, rigar ta yi miki kaɗan. Kuma wata tana iya yin rajistar turarenwutankano, bambancin harafi ɗaya tal, kwastomarki ta faɗa can ba ta sani ba. Sunan shago kuwa shi ne a ledarki, shi ne a Instagram, shi ne a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ki dubi Jumia da Konga, sunansu bai ambaci kowace haja ba, amma kowa ya san inda zai same su.

Maganar ƙarshen adireshin, wato .com ko .com.ng, ba ta da tsawo. Farashin .com da dala ake yanke shi, don haka yana hawa idan naira ta faɗi. Shi .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da shi, da naira ake biya, kuma Google yana ɗaukarsa shafin 'yan Najeriya. Idan masu sayen kayanki na gida ne, ya wadatar. Idan kina aikawa Nijar ko Saudiyya, ki ɗauki .com. In da hali ki kama duka biyun, ɗaya ya riƙa kai mutane ga ɗayan.

Ki bar ƙ da ɗ da ɓ a adireshin, mutane da yawa ba su da su a wayarsu. Kafin ki biya, ki faɗa wa ƙawarki sunan a waya sau ɗaya, ki ce ta rubuto miki. In ta rubuta daidai, ya yi. Don Allah rajistar ta kasance da sunanki da imel ɗinki, ba na yaron da zai haɗa miki shafin ba, domin duk shekara ake sabuntawa kuma mai imel ɗin ake tunatarwa.