Na zana yadin ɗan jirgin ƙasana da AnyRail, ga yadda muka kwashe

Duk wanda ya shigo zaurenmu daga damina zuwa yanzu sai ya tsaya ya tambaye ni wai wannan wasan yara ne ko na manya. Ni kam na gaji da ba da amsa, kwantirola kawai nake miƙa wa mutum in ce ja mu gani, to a nan za ka ga magidanci da gemunsa ya manta da abin da ya kawo shi.

Asalin abin wani yayana ne da ya yi karatu a Jamus ya zo min da tsarabar ɗan jirgin ƙasa gwanjo, kai ɗaya da taragu takwas, girman da ake kira HO, wato an rage jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Ya san ni da son jirgi tun muna yara saboda ƙauyenmu ba nisa da Malam Madori, kuma kakanmu dakon buhunan gyaɗa ya yi a tashar nan, labarin da muka tashi muna ji kenan. Jirgi ya iso Kano a 1911, layin Nguru kuma aka gama shi a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, gyaɗa da fata ya zo ɗauka. To ni burina ba wai jirgi ya yi ta kewaya da'ira kamar jakin niƙa ba, yadi nake so, inda ake ajiye taragu a rarraba su a sake haɗawa. Da yake kuma zauren ba nawa ni kaɗai ba ne, nan ake cin tuwon dare nan ake saukar baƙi, dole teburin ya zama mai rabuwa, ɓangare uku, kowanne santimita 120 a tsawo 45 a faɗi, in an gama a kwance a jingine a bango.

Da biro na fara a bayan kwalin sukari. A takarda komai mai yiwuwa ne wallahi, layi shida na jera reras har da wurin loko. Allah ya so ni ban kai ga aika kuɗin ƙarfen ba wani ya ce in nemi AnyRail in zana tukunna.

Manhaja ce ta kwamfuta mai Windows, ba ta waya ba, sai da na ari tsohuwar laftof ɗin ƙanina, kuma da Turanci na yi amfani da ita amma ba wani Turanci mai yawa ba ne, rabin aikin jan abu ne da ajiyewa. In ka sauke ta sau ɗaya shi kenan ba ta neman data, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da sai ka hau tudu kake samun sabis. A cikinta akwai jerin layukan kamfanoni da ainihin awonsu, ni na Peco na zaɓa, Streamline Code 100, saboda shi yayan nawa ya ce zai iya samo min. Ka jawo guntun layi ka kai kusa da ɗan uwansa sai su manne da kansu, in ba su dace ba kuma ba za su manne ba ko za ka kwana kana ja. Ta kyautar guda 50 take bari ka sa a zane ɗaya, in kana son fiye sai ka sayi lasisi. Ni ban saya ba, don kowane ɓangare na yadin nan bai kai ko rabin hamsin ba, duka ukun ma a haɗe ba su wuce hamsin ɗin ba.

Ranar farko ta kashe min layi shidan nan. Abin da ban sani ba shi ne mararraba, wato ɗan ƙarfen da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan, tana da cin wuri. Matsakaiciyar ta Peco tsawonta kusan santimita 22 ne, tana rabuwa a kan digiri 12, tsakanin layi da layi kuma wajen inci 2 ake bari, to in kana son layi shida sai ka jera mararraba biyar a bayan juna kamar tsani, da na jera su a allo na auna sai na ga tsanin kaɗai ya lashe ɓangare guda sukutum, kuma layin ƙarshe ya gajarce. Na zauna ina kallon allon kamar wanda aka yi wa sata. Ka ga da na bi kwalin sukari da na sa bawan Allah ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfen da ba shi da wurin zama.

Na rage zuwa huɗu, na ji daɗi, har na je Haɗeja shagon kwamfuta aka buga min. Nan ma sai na yaba mata, tana iya fitar da zanen da ainihin girmansa a takardun A4 da yawa, ka jera su a ƙasa ka liƙa da salatif ka ɗora taragunka a kai ka gani da idonka. Ka dai tsaya a kan mai bugawa kar ya bari injin ya rage girman don ya cika shafi, kuma ka zo da rula ka auna shafin farko kafin a ci gaba, ni sai da muka yi asarar shafi tara kafin na farga.

Takardun na shimfiɗe a zaure wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a layin nan kafin ya yi ritaya. Ya tsaya da sandarsa yana kallo, ni kuma ina jiran yabo. Sai ya ce, "Yaro, wannan jirgin naka ta ina zai ja baya?"

Na ce, "Baba ga layuka nan har huɗu."

Ya ce, "Na gan su. Kai ka shiga wannan ka jawo tarago uku za ka kai su wancan, ina za ka tsaya da su kafin a juya maka hanya? A ƙasa?"

Na duba, ashe tsanin nawa dab da bakin tebur ya fara, abin da ya rage a gabansa kan jirgi da tarago ɗaya kawai zai ɗauka. Ya ƙara nuna min da sanda cewa jirgin da ya shigo da kai a gaba ya maƙale kenan, taragunsa sun toshe shi, don ban yi layin da kan zai zagaya ya dawo bayansu ba. Minti biyar bai yi ba ya rusa aikin sati biyu ya karɓi shayinsa ya fita.

A nan nake so duk mai niyyar amfani da ita ya gane wani abu, laifin nawa ne ba na manhajar ba. Ita awo ta sani. Za ta faɗa maka wannan ya haɗu wannan bai haɗu ba, in ka lanƙwasa layi mai lanƙwasuwa fiye da ƙimar da ka sa mata za ta canja masa launi ta gargaɗe ka, za ta lissafa maka kayan da za ka saya ɗaya bayan ɗaya, har ta nuna maka shi a tsaye kamar hoto. Amma ko yadin zai yi aiki ko ba zai yi ba, wannan kai ne za ka bi layin da yatsa kana cewa yanzu na shigo, yanzu na kwance, yanzu na ja baya. Kuma kafin ka ja layi ko ɗaya ɗauko tef ka auna kayanka, nawa kowane tarago da maƙalarsa wajen santimita 12 ne, kan kuma 17, da waɗannan lambobi biyu ya kamata in fara tun ranar farko.

Zane na uku shi ne wanda ke zauren yanzu. Babban layi ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan don wata rana in ƙara ɓangare, a gefensa layin zagaye, sai layukan ajiya uku kacal, ɗaya mai cin tarago 5 biyu masu cin 3-3, da wutsiyar ja da baya wadda ke ɗaukar kai da tarago uku, mararraba shida gaba ɗaya. Wannan 5-3-3 ɗin ba ni na ƙirƙiro ba, tsohon tsari ne na masu wannan harka a Ingila, Inglenook suke ce masa, taragu takwas ake zubawa a zaɓi biyar da ƙuri'a a ce ka jera su bi da bi, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Dace aka yi nawa ma takwas ne. Mun rubuta lamba a murafen kwalba muna jefawa a hula, akwai daren da wani malamin lissafi ya yi kusan awa ɗaya a kan jeri ɗaya yara na yi masa dariya.

Wahalar da ta fi ci min lokaci a zanen ita ce gaɓa, inda ɓangare ke haɗuwa da ɓangare. Mararraba ba ta hawa kan gaɓa, kuma an fi so layi ya tsallaka ta a miƙe ba a karkace ba. Na ja layuka biyu a allon a kan 120 da 240 na yi ta tura kaya gaba da baya, ka matsar da ɗaya sauran duk su biyo ta, a takarda da wannan sai ka cinye magogi guda. Turawa suna da ƙungiyoyin da suka tsayar da ƙa'idar bakin ɓangare don na kowa ya haɗu da na kowa, kamar FREMO da aka kafa a Jamus a 1981, su tsayin layinsu daga ƙasa santimita 130 ne. Ni wa zan haɗa da shi a nan? Na sa nawa 90 don yara su gani ba sai an ɗaga su ba.

Wani abin da ya ɗan tsaya min a rai, layin HO in ka ninka 16.5 sau 87 zai ba ka kusan 1435, wato faɗin sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna. Namu na Nguru tsohon ne, milimita 1067, wanda in gaskiya za a bi layi mai milimita 12 ya kamace shi. Baba, dattijon reluwen nan, bai lura ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Sauran abin da ya same ni babu ruwan kwamfuta, na yanayin garinmu ne. A watan Agusta kafinta ya haɗa min firam da katakon da bai gama bushewa ba, ni kuma da gaggawa na ɗora filawud na kafe layi ƙam ba ko ɗan sarari tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Hunturu na shigowa katako ya tsuke ya ɗan murɗe, layin tsakiya ya yi doro, taragu suka dinga sauka a wuri ɗaya kullum. Sai da na yanke ƙarfen na bar sarari kamar kaurin katin waya a mahaɗa. A bakin kowane ɓangare kuma na dasa ƙananan sukurori na tagulla na liƙa ƙarfen a kansu da dalma, da yake gyaran waya da haɗa sola ne sana'ata wannan bai ba ni wuya ba, sannan noti biyu-biyu ke riƙe ɓangarorin. Kowane guntun layi na ba shi wayarsa daga ƙasa maimakon in dogara da mahaɗa, wutar kuma volt 12 ce daga batirin sola. Ƙura kuwa sai haƙuri, kwana biyu in ba a rufe ba kan jirgin zai dinga tsayawa yana shaƙuwa, tsumma da ɗan sifirit nake bi da shi, kar ka kuskura ka sa samfefa. Uwargida ta ba da tsohon zanin gado ana lulluɓewa, da sharaɗin ranar da baƙinta za su zo a kwance komai tun da safe. Ƙafafun kuma na shafe su da baƙin mai saboda gara.

In ka tambaye ni ko a yi amfani da ita, e, a yi, musamman mu da kowace mararraba sai an jira mai zuwa daga waje wata da watanni, ba ka da damar sayen abin da ba zai shiga ba. Ta kyautar ta ishi yadi irin nawa. Yanzu ɓangare na huɗu nake zanawa, wurin lodin gyaɗa da ɗan sito da 'yar dala, kuma wannan karon kafin in je Haɗeja bugawa na ɗauki laftof ɗin na kai wa Baba har gida. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce layin siton ya yi kusa da babban layi, 'yan dako ba su da wurin tsayawa, in matsar da shi.