Tarkon SLAM: yana da kyau wajen bibiyar ƙwarin tsibiri, amma ba ya kama komai

Wanda bai taɓa ganinsa ba zai ɗauka ƙaramin gidan sauro ne aka kafa a daji. Tarkon SLAM (gajarcen Sea, Land and Air Malaise), na kama ƙwari masu tashi don bincike, wanda kamfanin MegaView na Taiwan ke ƙerawa, jikan tarkon nan ne da masanin ƙwari ɗan Siwidin, René Malaise, ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne kusan santimita 110 ne. Raga biyu ce ta gitta juna a tsakiya, don haka ƙwaro ta kowace kusurwa ya taso sai ya ci karo da ita, ya bi ta yana hawa sama wajen haske, ya faɗa kwalbar da ke ƙololuwa. Sandunansa ne ke riƙe shi, ba sai an nemi bishiyar ɗaurewa ba, kuma mutum ɗaya na iya kafa shi.

Inda ya fi nuna amfaninsa shi ne tsibiran Azores na ƙasar Fotugal. Tun 2012 masu bincike na Jami'ar Azores ke barin sa a ragowar dajin asali, musamman a tsibirin Terceira, suna kwashe kwalba duk bayan kwana 90 ko kusan haka. Abin da aka kama sai a kasa shi uku: wanda babu shi ko'ina sai tsibiran, ɗan ƙasa da ake samu a wasu wurare, da baƙon da mutane suka shigo da shi. Da wannan rabo ne aka ga nau'o'in baƙin ƙwari na ƙaruwa har cikin dajin asali, abin da ziyarar mako guda ba za ta taɓa nunawa ba.

Ruwan da ake zubawa a kwalba don adana ƙwarin shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Sinadarin itanol ya fi adana ƙwayar halitta ta DNA, sai dai yana tsanewa da sauri, bai dace da wata uku ba. Sinadarin propylene glycol yana jure zama, amma idan ruwan sama ya yi ta shiga sai ya tsinke, ƙwarin su ruɓe. A wuri mai yawan ruwa gara a rage tazarar kwashewa. A kuma duba bakin kwalba, domin gizo-gizo kan yi saƙa a nan ya tare hanya, a ƙidaya kaɗan a zaci ƙwarin ne suka ragu. Takardar shaida mai ɗauke da wuri da kwanan wata a rubuta ta da fensir, a jefa cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take.

Rauninsa a fili yake. Buzuzu da danginsa masu taurin baya idan sun bugi raga ƙasa suke faɗowa, sai an ƙara mazubi a ƙarƙashi ake samun su. Masu yawo cikin ganyen da ya zube kuwa, sai tarkon rami. Iskar teku tana kifar da shi idan turakun ba su nutse ba, rana kuma tana cin ragar, sai a riƙa duba ɓula a kowace ziyara.

Ga hukumar da za ta iya ajiye shi wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma tana da masu tantance nau'i, ya cancanci kuɗinsa. Matsar da shi ko da 'yan taku ne yana ɓata kwatancen bana da bara, don haka a kafa alama ta dindindin a gurbinsa tun ranar farko.